Ina Son Aiki a Cibiyar Nazarin Tsaro da Hulɗar Ƙasashe: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Na karanta kimiyyar siyasa a jami'a, na kuma kammala hidimar ƙasa. Burina in zama manazarci kan tsaron yankin Sahel da hulɗar ƙasashe, irin waɗanda muke ji a rediyo suna fashin baƙi. Na aika takardun neman aiki cibiyoyi da dama, har yau shiru. Wasu sun ce sai na yi digiri na biyu a Turai, wasu sun ce sai da uwa a gindin murhu. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Digiri na biyu yana da amfani, sanin mutane ma haka, amma akwai abin da ya sha gabansu. Cibiyoyin nan suna neman wanda ya san wuri ɗaya ko matsala ɗaya ciki da bai, kuma ya iya rubuta abin da ya sani a taƙaice, da hujja. Yawancin takardun da ake ajiyewa gefe ba su nuna ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ka fara da sanin aikin kansa. Sharhin rediyo ɗan ƙaramin yanki ne. Mafi yawan lokacin manazarci yana tafiya ne a karatu, da tattaunawa da mutane, da tantance labarai, da rubuta rahoto, da neman kuɗin bincike na gaba. Mai karanta rahoton kuwa jakada ne, ko ɗan majalisa, ko babban jami'in ma'aikata, wanda ba shi da lokacin shafi arba'in. Abu uku yake so ya ji: me ke faruwa, me ya jawo shi, me zai iya yi.

Cibiyoyin kashi biyu ne. Akwai na gwamnati, irin su Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta NIIA da ke Legas tun 1961, da NIPSS ta Kuru kusa da Jos wadda aka kafa a 1979, da Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici ta IPCR a Abuja. Ɗaukar aikinsu yana bin tsarin gwamnati, guraben ba su da yawa, kuma babban digiri yana da nauyi a can. Akwai kuma masu zaman kansu: CDD a Abuja, LASDEL a Yamai, ISS mai hedikwata a Pretoria da ofishi a Dakar, International Crisis Group a Brussels, da Chatham House a Landan. Galibinsu da tallafin masu ba da agaji suke tafiya, shi ya sa aikinsu ya fi zuwa da kwantiragi mai wa'adi. A nan rubutunka ake fara dubawa kafin takardar shaidarka.

Mataki na farko, ka zaɓi fage ɗaya ka tsaya a kai. Duk wanda ya rubuta cewa yana sha'awar "tsaron Afirka" ya shiga cikin taron ɗaruruwan masu irin digirinsa. Ka tuna bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Masu sharhi kan Shugaba Tinubu na Najeriya da Janar Tiani na Nijar sun cika gari. Waɗanda aka yi ta nema ruwa a jallo su ne masu iya bayyana abin da rufe iyakar ya yi wa kasuwancin Illela da Ƙonni, ko na Jibiya da Maraɗi, da yadda fatake suka koma bin ɓarauniyar hanya, da wanda ya ci ribar hakan. Haka batun 'yan bindigar Lakurawa. Sai a Nuwamban 2024 rundunar sojan Najeriya ta fito ta yi maganarsu, alhali mutanen Tangaza da Gudu sun yi shekara da shekaru da saninsu. Da sunan ya cika kafafen labarai, masana irin su Malam Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka koma wa, domin sun daɗe suna bin al'amuran yankin ƙauye-ƙauye. Kai ma ka ɗauki abin da ke kusa da kai: satar shanu a jiha ɗaya, ko haƙar zinare da alaƙarta da makamai, ko makomar cinikin kan iyaka tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025.

Mataki na biyu, ka fara rubutu tun kafin a ɗauke ka aiki. Ka rubuta maƙala mai kalma dubu ko ƙasa da haka, ka aika wa Aminiya, ko Daily Trust, ko HumAngle. Hukuncinka ya zo a farkon sakin layi, hujjoji su biyo baya, shawara ta rufe. Ka kula da shawarar nan, domin a nan ake gane gwani. "Ya kamata gwamnati ta tashi tsaye" kowa ya iya faɗa a majalisar shayi. Manazarci yana faɗin wace hukuma ce, wane mataki za ta ɗauka, da wane kuɗi, kuma me zai iya ɓata shirin. Maƙala uku ko huɗu masu kyau a kan fage ɗaya sun fi doguwar takardar tarihin karatu tasiri.

Mataki na uku, ka koyi Faransanci. Nijar, Chadi, Kamaru da Binin duk maƙwabtan Najeriya ne, kuma hedikwatar rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram tana N'Djamena. Ko da yake Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, sanarwar hukuma da dokoki da yawancin jaridunta har yanzu da Faransanci suke fitowa. Wanda ya haɗa Hausa da Turanci da Faransanci zai ji abin da ake faɗa a kasuwa, ya karanta abin da aka rubuta a ma'aikata, ya gane inda suka saɓa. Idan kana jin Fulfulde, ko Barbarci, ko Larabci, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardarka.

Mataki na huɗu, ka ƙware a dabarun bincike. Ka koyi aiki da rumbun bayanan ACLED mai tattara rahotannin hare-hare, da Excel, da manhajar taswira ta QGIS wadda kyauta ce. Ka kuma san iyakar alƙaluma: ƙauyen da babu ɗan jarida ko layin waya, harinsa kan wuce ba a ƙirga ba. Kada ka rubuta labarin da baki ɗaya kawai ya ba ka, kuma kada ka yarda da bidiyon WhatsApp sai ka tabbatar da wuri da lokacin da aka ɗauke shi.

Sai batun digiri na biyu. Ka yi shi idan hali ya yi, amma Turai ba sharaɗi ba ce. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da nazarin zaman lafiya da rikici, kuma Kwalejin Soja ta NDA a Kaduna tana ɗaukar fararen hula a karatun gaba da digiri. In waje kake so, ka nemi tallafin Chevening ko DAAD. Maƙalolin da ka wallafa za su ƙarfafa wannan neman ma.

Akwai tarkon da matasanmu da yawa suke faɗawa. Ana ɗaukar su tafinta ko masu tattara bayanai, su shiga ƙauye su sha rana, rahoto ya fito da sunan wani: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ka karɓi irin wannan aiki a farko, domin makaranta ce. Amma tun kafin a fara, ku yi yarjejeniya a rubuce kan kuɗi, da inshora, da yadda za a ambaci sunanka. Ka kuma nemi a bar ka ka rubuta ko da sashe ɗaya na rahoton.

Ka kiyaye ranka da na masu ba ka labari. Kada neman suna ya kai ka daji wajen 'yan bindiga. Ka shiga gari da takardar cibiyar da ta aiko ka, ka fara gaida hakimi ko mai gari. Kada ka ajiye sunayen majiyoyinka a waya, domin kai za ka koma birni, su kuwa suna nan tare da waɗanda suka ba ka labarinsu. A ƙasashen da sojoji ke mulki abin ya ƙara tsanani. Kama ɗan fafutuka Moussa Tchangari a Yamai a Disamban 2024 ya isa ishara.

Kafin ka sa hannu a kowane kwantiragi, ka tambayi wanda ke biyan kuɗin binciken da abin da yake so da shi. Tallafi kan yanke ba zato, kamar yadda aka gani da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, don haka ka riƙe wata hanyar samu a gefe, ko koyarwa ko aikin jarida. Idan aka taɓa kama manazarci yana karkata sakamako don faranta wa mai kuɗi, da wuya a sake yarda da rahotonsa.

Saboda haka, ƙanena, ka dakatar da aika takardu na wata shida. Ka zaɓi fagenka, ka shiga ajin Faransanci, ka wallafa maƙala uku. Bayan nan ka sake nema, ka haɗa da su. Allah ya ba da sa'a.