Aikin Limami A Asibiti Da Gidan Yari Da Barikin Soja

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wasu mutane ne waɗanda ladan yake kiran salla sau biyar a yini, suna ji da kunnensu, amma ba su da ikon amsawa da ƙafafunsu. Su ne majinyacin da ke kwance a gadon asibiti, da fursunan da aka kulle wa ƙofa, da sojan da aka tura bakin daga. Dukansu Musulmi ne mukallafai, salla ba ta faɗi daga kansu ba, kuma sun fi mai zaman gida bukatar malami. Tun da ba za su iya zuwa zauren malam ba, tilas malam ya ɗauki sandarsa ya tafi inda suke.

Asalin aikin

Turawa suna kiran mai wannan aiki caflin, kuma sunan yana da tarihi. A ƙarni na 4 na Miladiyya an yi wani sojan Rum mai suna Martin, wanda aka ce ya tsaga alkyabbarsa biyu a lokacin sanyi, ya ba wani almajiri rabi. Daga baya ya zama babban limamin Kirista a garin Tur na ƙasar Faransa, ya mutu a shekarar 397. Sarakunan ƙasar suka riƙa tafiya yaƙi da sauran alkyabbar don neman tubarraki, limaman da ke tsaronta kuma aka sa musu suna daga sunanta na Latin. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya koma kan kowane malamin addini da hukuma ta ajiye a rundunar soja, ko asibiti, ko kurkuku, ko makaranta.

Sunan ne baƙo ga Musulmi, aikin kuwa sun gaje shi. Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi umurni da ciyar da mayunwaci, da gai da mara lafiya, da kuɓutar da wanda aka kama. Muslim kuma ya kawo hadisin ƙudusi da ke nuna cewa ranar Alƙiyama Allah zai tuhumi ɗan Adam a kan bawansa da ya yi ciwo bai je ya duba shi ba. Manzon Allah da kansa ya je gai da wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima sa'ad da ya kwanta ciwo. Haka kuma da aka kamo Sumamatu ɗan Usal aka ɗaure shi a jikin ginshiƙin masallacin Madina, kwana uku Annabi yana fitowa yana tambayarsa abin da ke ransa, sa'an nan ya ce a sake shi. Mutumin ya tafi ya yi wanka, ya dawo ya musulunta don kansa.

A cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 36 zuwa ta 42, an ba da labarin samari biyu da suka shiga kurkuku tare da Annabi Yusufu, Alaihis Salam. Abin lura a nan shi ne su suka fara zuwa wurinsa da mafarkinsu, domin sun ga kyawun halinsa. Bayan nan ne ya kira su ga tauhidi, sa'an nan ya fassara musu mafarkin bisa gaskiya, har da wanda fassararsa ta kasance mai ɗaci. Jerin aikin ke nan har yau: halin kirki da farko, sa'an nan sauraro, sa'an nan karantarwa, ba tare da ɓoye gaskiya ba.

Malaman fiƙihu ma ba su bar zancen ba. Alƙali Abu Yusufa, wanda ya rasu a shekarar 182 ta Hijira, ya yi wa Halifa Haruna Rashid nasiha a cikin Kitabul Kharaj cewa a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a tufatar da su, wanda ya mutu ba shi da dangi kuma a yi masa wanka da likkafani da salla. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kan ajiye limamai a cikin rundunoninta.

Matsayinsa a dokokin zamani

Yarjejeniyar Janeba ta shekarar 1949 ta sa malamin addini na soja a sahu ɗaya da likita: ba a kai masa hari, in kuma ya faɗa hannun abokan gaba ba a lissafa shi cikin fursunonin yaƙi, a kan bar shi ya ci gaba da yi wa 'yan'uwansa kamammu hidima. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce in gidan yari yana da mabiya wani addini da yawa, a naɗa musu wakilin addinin wanda ya cancanta, a bar shi ya gana da su a keɓe, kuma kada a tilasta wa fursunan da ya ce ba ya so. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta naɗa limaminta Musulmi na farko, Abdul-Rasheed Muhammad, a 1993, sojojin Ingila kuma suka naɗa Asim Hafiz a 2005. A Nijeriya, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, rundunar sojan ƙasa kuma tana da sashen harkokin addinin Musulunci, a gefen sassa biyu na limaman Kirista, watau na Katolika da na Furotesta.

A bakin gadon majinyaci

Babbar musibar da ke samun majinyata ita ce barin salla bisa jahilci. Mutum ya kan yi mako uku a kwance bai kai goshinsa ƙasa ba, yana cewa jikinsa da najasa, ko an sa masa robar fitsari, ko ba ya iya tashi, sai ya warke zai rama. Wani ya warke, wani kuwa daga gadon sai makara. Alhali shari'a ta riga ta yi masa sauƙi. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, Annabi ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Wanda ruwa zai cutar ya yi taimama, dutse ɗaya a gefen gado ya isa. Mai bandeji ya shafa a kansa. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, in ya lazimci rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita gaba ɗaya, babu ramuwa a kansa. Duk waɗannan suna cikin Risala da sauran littattafan da ake karantawa a zaure, sai dai ba su da amfani ga majinyaci in ba a kai masa su ba.

Amma fa fatawa a asibiti ba abin wasa ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa a wata tafiya dutse ya fasa kan wani mutum, sai janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiya ko yana da damar taimama, suka ce babu tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya nuna cewa maganin rashin sani tambaya ce. Saboda haka limamin asibiti ba ya ce wa mai ciwon sukari ko mai ciwon ƙoda ya yi azumi sai ya ji ta bakin likita, kuma ba ya hana kowa shan magani ko karɓar jini da sunan tawakkali, domin Annabi ya yi umurni da neman magani.

In ajali ya gabato, aikinsa ne ya zauna kusa da mai gargara, ya riƙa faɗin kalmar shahada a hankali yadda zai ji, ba tare da matsa masa ba, ya tuna masa faɗin rahamar Allah. Bayan rai ya fita ya lallashi dangi, ya tabbatar an yi wa gawa sutura, musamman baƙon da ba shi da kowa a garin.

Bayan ƙofar kurkuku da cikin bariki

Fursuna ya riga ya gamu da alƙali, ba ya bukatar na biyu. Daga cikin mazauna gidan yari akwai da yawa waɗanda ma ba a yanke musu hukunci ba, suna jiran shari'a ne. Abin da ke cin ran mai laifi shi ne zaton ƙofar tuba ta rufe, kuma dangi sun yafe shi. Liman zai koya masa sharuɗɗan tuba, watau nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba zai koma ba, da mayar da haƙƙin mutane. Zai koya masa karatu, ya nemi sasanta shi da iyayensa, domin wanda ya fito ya tarar da kowace ƙofa a rufe, hanyar komawa ciki ita ce mafi kusa da shi.

Soja kuma yana bukatar a karantar da shi sallar tsoro, wadda aka bayyana a aya ta 102 ta Suratun Nisa'i, da ƙasaru, da iyakokin yaƙi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyana, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya. Wanda ya dawo daga daga ba ya iya barci saboda abin da idonsa ya gani, liman zai saurare shi, ya kuma haɗa shi da likita. Shi ne kuma zai tsaya wa matan da aka bari da marayu a bariki har su sami haƙƙinsu.

Sharuɗɗan mai wannan aiki

Na farko ilmi, na fiƙihu da na dokokin gidan da yake aiki. Na biyu riƙon asiri, domin abin da majinyaci ko fursuna ya faɗa masa amana ce, ba abin kai wa gandiroba ko majalisar hira ba ne, sai fa in akwai ran da zai salwanta, wannan kuwa ya kamata ya sanar da mutum tun farko. Na uku tsare hannu: wanda ke sayar wa majinyaci rubutu ko laya a kan gado ya ci amanar rauninsa. Na huɗu barin gardamar ƙungiyanci, don gadon asibiti ba wurin muhawarar ƙabalu da sadalu ba ne. Na biyar kyautata wa wanda ba Musulmi ba: ya gaishe shi, in ya nemi fasto ko fada ya kira masa, kada ya mai da ciwon mutum tarko. Ɗakunan mata kuwa sun fi dacewa da malamai mata, saboda akwai tambayoyin haila da biƙi da mace ba za ta iya yi wa namiji ba.

Wannan aiki nauyi ne a kan al'umma, in wasu suka tsaya masa sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa yana da laifi. Ya kamata kwamitin kowane masallacin Juma'a ya san asibiti da gidan yarin da ke kusa da shi, ya keɓe malamai biyu ko uku, ya nemi izinin hukumar wurin, ya tsara musu ranakun ziyara, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin motarsu. Makarantun ilmin addini su ma su sa wannan fanni cikin abin da suke koya wa ɗalibai.

Allah Ya ba majinyata lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda aka tsare bisa zalunci, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.