Saniyar Tatsa da Ta Kasa Tashi: Lokacin Jinya da Lokacin Hutar da Ita

Hutar da saniya shi ne kawo ƙarshen rayuwarta cikin sauri, ba tare da azaba ba, idan ciwo ko rauni ya kai inda babu tsammanin warkewa. A gonakin madara na Turai ana yin haka da allura ko bindiga. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Kogin Nilu Shuɗi a Sudan, irin su Maiurno da ke kusa da Sannar, hanyar da aka sani ita ce yankan gaggawa, domin kowa na gudun dabbarsa ta zama mushe. Wahalar da shanu ke sha a nan ba kasafai take fitowa daga yankan ba. Daga kwanakin jiran da ke gabansa take fitowa.

Shanun tatsa na yankin su ne Kenana da Butana, sai kuma waɗanda aka haɗa da jinin Firiziyan a zaribun da ke kewaye da Wad Madani. Na ƙarshen sun fi ba da madara, kuma sun fi saurin faɗuwa. Zazzaɓin kaska na kayar da su, haka nan ƙarancin kalsiyam a kwanakin farko bayan haihuwa. Akwai kuma shanyewar ƙafafun baya idan ɗan maraƙi ya maƙale an jawo shi da ƙarfi, da karayar cinya ko gocewar ƙugu a taɓon damina, da gubar ɗanyen karan dawar abu sab'in da aka yanko yana ƙarami, da ledoji da suka cunkushe tumbi.

Ba duk saniyar da ta kwanta ba ce ta yanka. Mai ƙarancin kalsiyam, idan aka yi mata allurarsa ta jijiya da wuri, takan miƙe cikin awa ɗaya ko biyu. Amma nauyin saniya shi ne abokin gabarta: awa shida a kwance gefe guda kan ƙasa mai tauri sun isa su fara lalata tsoka da jijiyoyin ƙafar da ke ƙasa. Shi ya sa jinya take nufin shimfiɗa mai taushi ta yashi ko kara, inuwa, ruwa a gaban bakinta, da juya ta daga gefe zuwa gefe bayan kowace awa uku ko huɗu, dare da rana. Gidan da ba zai iya wannan ba bai kamata ya kira abin da yake yi jinya ba. Saniyar da take ci, tana tuƙa, tana yunƙurin tashi, tana da haƙƙin a ba ta dama. Wadda ta wuce yini guda cur tana shimfiɗe da gefe, ta ƙi ruwa, tana nishi da cizon haƙora, ko wadda ƙashin cinyarta ya karye, ko ƙashin bayanta, ba ta da sauran abin jira. Karayar babban ƙashi a saniya babba ba ta ɗoruwa a zariba.

Abin da ke sa jinkiri a fili yake. Saniya ɗaya na iya zama nonon yara da kuɗin makaranta na gida guda, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, ya shiga Wad Madani a Disamban shekarar, magani da likitan dabbobi sun yi wuya a ƙauyuka da yawa. Mai saniya yakan ce a ƙara mata kwana, ko Allah zai sa ta tashi. Sai dai kowane kwana yana rage naman, yana ƙara azabar, kuma a ƙarshe mahauci ya saya a wulaƙance. Mafi muni shi ne jan ta da igiya a wuya ko a ƙafa, a ɗora ta kan amalanke ko bayan mota zuwa kasuwa da ranta. Saniyar da ba ta iya tsayawa ana yanka ta ne a inda take kwance, wuƙa ce ke zuwa wurinta.

Fiƙihun Malikiyya, wanda mutanen yankin ke bi, bai bar wannan mas'ala ba. Malaman mazhabar sun halatta yanka dabbar da aka fid da rai da ita domin a hutar da ita, ko da ba za a ci namanta ba. Wannan na da muhimmanci, saboda akwai shanun da yankansu rahama ne amma cin su haɗari ne. Wadda aka yi wa allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki tana ɗauke da maganin a jiki har makonni, kuma adadin kwanakin da za a jira yana rubuce a jikin kwalba. Wadda zazzaɓi ya ci jikinta, ko mahaifa ta ruɓe a cikinta, namanta ba abinci ba ne.

Cututtuka biyu sun haramta ko da taɓa jinin. Na farko ciwon saifa: dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Ba a yanka ta, ba a feɗe ta, domin ƙwayar cutar na zama a ƙasa shekaru da dama. Na biyu zazzaɓin Rift Bali, wanda ya ɓarke a 2007 a jihohin Farin Nilu, Sannar da Jazira ya kashe mutane. Alamarsa ɓari da yawa a garke bayan ruwa mai ƙarfi da yawan sauro, kuma masu yanka da masu fiɗa na cikin waɗanda suka fi kamuwa. A irin wannan hali ana sanar da hukumar lafiyar dabbobi ne.

Yankan kansa yana da ƙa'ida da ta shafi halittar saniya. Baya ga manyan jijiyoyin jini biyu na wuya, tana da wasu da ke bi ta cikin ƙashin wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, waɗanda wuƙa ba ta kai wa gare su. Don haka takan daɗe da hayyacinta fiye da tunkiya, wani lokaci sama da minti guda idan bakin jijiyar da aka yanke ya toshe. Wuƙa ta zama doguwa mai kaifi, an wasa ta nesa da idon dabbar, a yanka sama kusa da muƙamuƙi da jan hannu ɗaya, a tabbata jijiyoyin biyu sun yanke. Ba a sare agara, ba a karya wuya, ba a fara fiɗa sai numfashi ya tsaya kuma ido ya daina ƙyaftawa idan an taɓa shi.

Inda likita yake da allurar barbiturat, ita ce hanya mafi sauƙi ga saniyar da ba za a ci ba, amma gawar ta zama guba ga karnuka da ungulaye. Allurar kwantar da dabba irin zailazin ba ta kashewa ita kaɗai, kuma ɗura gishirin magnesiyam ko iska a jijiyar dabba mai hayyaci azabtarwa ce. Gawar da ba ta ciwuwa ana binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya da magudanan ban ruwa na Jazira, waɗanda mutane da dabbobi ke sha daga cikinsu.