Darasi na Goma Sha Huɗu: Makaranta a Gida, Gida a Gona

Ɗalibai, da zarar an ambaci makaranta, abin da ke faɗo wa yawancinku a rai shi ne ƙararrawa da layin safe da malami a gaban allo. A wannan darasi za ku karanta yadda wasu yara a ƙasar Amurka suke karatu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Iyayensu ne ke koyar da su a gida, gidan kuma yana cikin ƙaramar gona. Ku karanta a tsanake, ku kuma lura da kalmomin yakan, takan da sukan, domin za mu koma kansu a ƙarshe.

Koyar da yara a gida ya bunƙasa a Amurka daga shekarun 1970. Wani malami mai suna John Holt, wanda bai gamsu da yadda ake koyarwa a aji ba, ya fara buga mujalla a 1977 domin iyaye masu irin ra'ayinsa. Wasu iyayen kuma dalilinsu na addini ne. An sha zuwa kotu a kan batun, sai a 1993 ya zama halas a dukkan jihohin ƙasar 50. Hukumomin ilmi sun ƙiyasta cewa yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, a 2016 kuwa sun kai wajen miliyan 1.7. Yawancinsu ba a gona suke zaune ba. Mun zaɓi na gona ne saboda a wurinsu aiki da karatu suka fi cuɗanya.

Mu ɗauki jihar Fensilbaniya, a arewa maso gabashin ƙasar. Ku ƙaddara iyali ne mai yara uku, da 'yan awaki masu ba da madara, da akurkin kaji, da lambu a bayan gida. A irin wannan gida dabbobi ne ke yanke lokacin tashi. Akuyar tatsa ba ta san ranar hutu ba. Safe da yamma ake tatsar ta, in an yi jinkiri kuwa hantsarta ta cika ta dame ta. Saboda haka babban yaro yakan fita da bokiti tun kafin gari ya waye. A watan Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, kuma sanyi yakan daskarar da ruwan sha na dabbobi, sai an sa sanda an fasa ƙanƙarar da ke samansa. Ƙanwarsa takan zuba wa kaji tsaba ta kwashe ƙwai. Ɗan autan ma ba a barin sa haka nan, yakan shigo da itacen hura wuta, ko da guda biyu ne.

Sai an gama wannan duka, an karya kumallo, sannan ake share teburin cin abinci a shimfiɗa littattafai. A mafi yawan gidaje uwa ce malama. Aikinta ba ƙarami ba ne, domin aji uku take riƙe da su a kan teburi ɗaya. Takan ba babba lissafi ya yi shi kaɗai, ta sa ta tsakiya rubutu, ita kuma ta zauna da ƙaramin suna haɗa baƙaƙe. Tarihi da labarin ƙasa sukan yi su tare: uwa ta karanta da ƙarfi, kowa ya amsa tambaya daidai da shekarunsa. Sau da yawa kafin azahar an rufe littafi. Kada wannan ya ba ku mamaki. Ku tuna yawan lokacin da ke tafiya a ajinku wajen kiran suna da raba takardu da jiran kowa ya yi shiru. Mai koyar da yara uku ba ta da wannan asara.

Abin da masu wannan tsari suka fi alfahari da shi shi ne yadda gonar kanta take zama darasi. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, yarinya takan rubuta ranar da kaza ta fara kwanci, ta ƙirga a kalanda. Cikin akuya yana kai kwana 150 ko kusa da haka, don haka idan an yi barbara a Oktoba, a Maris ake sa ran haihuwa, kuma yaro ne ake sa wa ya lissafa makon. Idan ana sayar wa maƙwabta ƙwai, yaran ne ke riƙe da littafin ciniki: nawa aka kashe a kan abincin kaji, dozin nawa aka sayar, an ci riba ko an faɗi. A ƙarshen hunturu ana huda jikin wata bishiya mai suna mefil a tari ruwanta a dafa har ya yi kauri kamar zuma. Sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita 1. Yaron da ya yini yana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ba zai manta da wannan lissafi ba.

Amma fa gona ba ta koyar da komai. Akuya ba za ta koya wa yaro aljabara ba, lambu kuma ba zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ba. Da yaro ya kai shekara 13 ko 14, darussa sukan fi ƙarfin iyaye da yawa. A nan ne iyalai sukan haɗa kai, su taru sau ɗaya a mako a zauren coci ko ɗakin karatu na gari. Uwar da ta karanci kimiyya ta koyar da yaran kowa kimiyya, uban da ya iya Faransanci ya ɗauki nasa fannin. Wasu sukan yi darasi ta intanet. Wannan taro kuma shi ne babbar damar yaran ta ganin tsararrakinsu, don gidan maƙwabci na iya zama da nisa. Da yawa suna shiga ƙungiyar matasa manoma da ake kira 4-H, inda yaro yake kiwon dabba ɗaya da kansa, ya rubuta duk abin da ya kashe a kanta, ya kai ta bajekolin gunduma da bazara.

Yamma ta aikin gona ce, aikin kuma yana bin yanayi: shuka a Mayu bayan sanyi ya wuce, yankan ingirici a Yuni, dafa tumatir a rufe cikin kwalabe a Agusta da Satumba. Uban sau da yawa ba ya gida da rana. Ƙaramar gona a Amurka ba ta cika riƙe iyali ba, yawancin masu ita da albashin wani aiki suke rayuwa.

To, wa ke tabbatar da cewa yaran suna koyon wani abu? Amsar ta dogara ga jihar da suke. A Fensilbaniya doka ta tsananta. Dole mai koyarwar ya kasance ya gama sakandare, kuma kowace shekara ya sanar da hukumar ilmi ta yankinsa a rubuce. Dole a yi karatu na kwana 180 a shekara, ko awa 900 ga 'yan firamare, awa 990 ga 'yan sakandare. Ana tara ayyukan yaro a fayil, ƙwararre ya duba a ƙarshen shekara, sannan yaro ya rubuta jarrabawa a aji na 3 da na 5 da na 8. A jihar Teksas kuwa ba a buƙatar wannan jarrabawa, ba kuma mai zuwa duba fayil. Yaron da ya yi dace da iyaye masu himma zai yi nisa a ko'ina. Wanda bai yi dace ba, a inda babu mai dubawa, yana iya kai shekara 12 bai iya karatu sosai ba, ba kuwa wanda zai sani. Akwai wani haɗarin kuma. Dokar ƙasa da ta hana sa yara aiki mai haɗari ba ta shafi yaron da ke aiki a gonar iyayensa ba, ga shi tarakta ba ta san yaro ba. Irin waɗannan dalilai ne masu suka suke kafa hujja da su. Ƙasar Jamus ma ta hana tsarin, ta ce dole kowane yaro ya je makaranta. A nan Nijeriya, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala.

Ma'anar wasu kalmomi

Akurki: ɗakin da kaji ke kwana.
Hantsa: wurin da madara ke taruwa a jikin saniya ko akuya.
Tsaba: ƙwayar hatsi.
Barbara: haɗuwar namiji da mace na dabbobi domin a sami ciki.
Ingirici: busasshiyar ciyawa da ake ajiye wa dabbobi.
Tsara, jam'i tsararraki: wanda kuke kusan shekaru ɗaya da shi.

Nahawu: Lokaci Sabau

Idan abu yana faruwa a kai a kai har ya zama al'ada, Hausa na amfani da kan bayan wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: "Yaro yakan fita da bokiti." Wajen korewa sai a sa ba a farko da ƙarshe: "Yaro ba yakan fita da bokiti ba." Ku nemo jimloli biyar masu lokaci sabau a cikin darasin, ku kore kowace.

Tambayoyi

1. Me ya sa babban yaro yake fita tun kafin gari ya waye?
2. Ta yaya uwa take koyar da yara uku a lokaci guda?
3. Idan kaza ta fara kwanci ranar 3 ga Afrilu, wace rana ake sa ran ƙyanƙyasa?
4. Lita nawa na ruwan mefil za a dafa kafin a sami lita 3?
5. Ku bayyana bambancin dokar Fensilbaniya da ta Teksas. Wacce ta fi kare yaro, a ganinku, kuma me ya sa?

Aikin gida

Ku rubuta jimloli goma cikin lokaci sabau a kan ayyukan da kukan yi a gida kafin ku taho makaranta.