Kunne Da Sanda: Kimiyyar Tafiyar Makaho

Wanda ya lura da makaho a hanya zai ga wani lokaci yakan kauce wa bango tun kafin sandarsa ta taɓa shi. An daɗe ana tsammanin fatar fuskarsa ce ke jin alamar abin da ke gabansa. Su kansu makafin haka suke faɗa.

A Jami'ar Cornell ta Amurka aka warware wannan batu. Karl Dallenbach da ɗalibansa biyu suka sa makafi da masu ido da aka ɗaure wa fuska su doshi wani allo, su tsaya in sun ji sun kusa da shi. Da aka lulluɓe musu fuska da hannuwa da kauri, ba su fasa gane allon ba. Amma da aka toshe musu kunnuwa, sai suka riƙa cin karo da shi. Sakamakon ya fito a 1944: ashe amsa-kuwwa ce. Ƙarar takun mutum kan bugi bango ta dawo, kamar yadda jemage ke yi da kukansa. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, don haka in bango na nesa da mita 3, ƙarar za ta je ta dawo cikin ƙasa da kashi 1 bisa 50 na daƙiƙa. Kunne ba ya jin ta daban, sauyin amo kawai yake ji, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara. A 2011 masu bincike a Kanada sun nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani shi ne ke aiki sa'ad da ƙwararrun makafi ke sauraren amsa-kuwwa.

Ita kuwa doguwar sanda, Richard Hoover ne ya tsara dabarunta a 1944, don sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonta yakan kai ƙashin ƙirji. Ana kaɗa ta dama da hagu, ta ɗan zarce faɗin kafaɗu; idan ƙafar dama ta yi gaba, bakin sanda na hagu, wato tana binciken inda ƙafa ta gaba za ta sauka. Kwalejin Boston ta fara horar da malaman wannan fanni a 1960. Fannin kashi biyu ne: sanin inda kake da inda ka dosa, sannan isa can lafiya.

To, mu kawo wannan ilimi Bompai, ko Sharaɗa da Chalawa. Unguwar masana'antu jarrabawa ce mai wuya. Rugugin janareto da na manyan motoci yakan danne amsa-kuwwa, kamar yadda hazo ke yi wa mai ido. Lambatu a buɗe sanda na iya gano shi. Abin da ba ta iyawa shi ne abin da ya wuce ƙugu. Tirelar da aka faka a gefen titi, sanda kan shige ƙarƙashinta ba ta taɓa komai ba, goshi ya je ya samu ƙarfe. Haka rodin da ya leƙo daga bayan mota. A ganina wannan ya fi rami haɗari, don kuwa rami yana nan inda aka san shi, tirela kuwa yau tana nan, gobe tana can. Sai dai hayaniyar ma tana da amfani: injin da ke kuka a wuri ɗaya kullum alama ce, haka warin majema a Chalawa, da doguwar katangar kamfani da ake bi da sanda har zuwa kwana.

A ƙasar nan makarantar makafi ta Gindiri ta buɗe a 1953, Kano kuma tana da makarantar Tudun Maliki. Jami'o'in Bayero da Jos da Ibadan suna da sassan ilimi na musamman masu horar da malaman irin waɗannan makarantu. Ɗalibin da ke sha'awar kimiyyar halittu ya dubi wannan fanni, musamman in ya tuna cewa ɗan jagora sau da yawa yaro ne da ya kamata a ce yana aji.

Malami na iya maimaita gwajin Dallenbach a makaranta. A ɗaure wa ɗalibi idanu, ya doshi bango daga mita 10 da takalmi mai ƙara, wani na biye da shi don tsaro. A auna inda ya tsaya. A sake da ƙafa ba takalmi, sannan da auduga a kunne, a rubuta tazarar kowane gwaji a allo.