Faɗin Kasuwa da Yawan Ciniki: Ma'aunai Biyu ga Mai Fassara

'Yan'uwana ɗalibai, mai fassara labarin kasuwar hannun jari ta Legas zai ci karo da ma'aunai biyu. Na farko ina kiran sa "faɗin kasuwa", wato a ƙirga kamfanonin da farashinsu ya tashi a yini, a kwatanta da waɗanda nasu ya sauka. A kula, faɗi nake nufi, ba faɗuwa ba! Amfaninsa shi ne, manya irin su Dangote Cement da MTN kan ɗaga alƙaluman kasuwa su kaɗai alhali sauran na zubewa.

Na biyu "yawan ciniki". A kasuwar Kontagora, idan masara ta yi tsada amma buhu biyar kacal aka sayar, dillali bai cika yarda tashin zai ɗore ba. Haka masu hannun jari ke auna zuciyar masaye.