Darasi Na 17: Yasar Rijiya

Rijiya ma tana son gyara kamar ɗaki. Laka tana taruwa a gindinta. Ganye yana faɗawa, tsohon guga yana tsinkewa ya nutse. In ruwa ya soma wari, ko ya yi kore, to, lokacin yasa ya yi. Koren nan gansakuka ce, hasken rana ke sa ta yaɗu. An fi yin yasa da bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya.

Ba kowa ke shiga rijiya ba. Mu nemi wanda sana'arsa ke nan, mu tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Kada mu tura yaro don muna jin ƙyashin biyan kuɗi.

In ya zo, mu yi jinga tun bai kama igiya ba. Yasa kaɗai zai yi, ko har da gyaran baki? Wa zai sayi siminti? Wa zai ciyar da yaransa? Nan ne rigima ta kan fito. Mai rijiya ya ce da daɓe aka yi ciniki, mai aiki ya ce bai ji haka ba. Yanzu da muka iya rubutu, sai mu rubuta kome a takarda, da yawan kuɗi, da abin da aka ba da kafin alƙalami. Mutum biyu su shaida. Sauran kuɗi sai aiki ya ƙare, mun duba da idonmu.

Ga abin da ya fi kuɗi. Wata rijiya iskar cikinta ba ta da kyau, ba a kuwa ganinta da ido. Kafin ya sauka, a ɗaura fitila mai wuta a zura ta har ƙasa. In ta mutu, kada kowa ya shiga. In ta ci gaba da ci, ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙarfafa biyu su riƙe a sama. Kada a saka injin jan ruwa mai shan fetur a ciki, hayaƙinsa yana kashe mutum. Idan mai aiki ya suma, a jawo shi da igiya. Kada ɗan'uwansa ya bi shi, gama iskar da ta kā da na fari za ta kā da na biyu.

Bayan yasa, ruwan bai isa sha ba tukuna, don ƙafa da kaya sun shiga. Mu je wurin malamin tsabta ya auna mana kulorin. Shi ne maganin da ake zuba wa ruwan famfo, da tafkin wanka na manyan gidajen birni. A zuba, a rufe ya kwana, a kwashe har warin ya ragu.

Sauran aiki namu ne. Mu yi mata murfi. Salga ta yi nesa da ita, mita 30 ko fiye, wajen gangare. Guga a rataye shi, kada a yar a ƙasa. Dattawanmu sun san kurkunu. An tabbatar ya ƙare a Nijeriya da Nijar a 2013, amma amai da gudawa har yanzu ta ruwa mai dauɗa suke kama mu.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir, ya rubuta takardar jinga tsakaninsa da mai yasar rijiya. Ya sa rana da wata, da sunan shaidu.