Hattara da tukunyar gas a Zangon Kumasi

Masu tuyar ƙosai da dafa koko a Aboabo, Asawase da Sabon Zango, ku kula da tukunyar gas. Abin da ke cikinta gas ne da aka matse ya zama ruwa, zafi kuwa yana kumbura shi. Shi ya sa ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin ɗari. Kada ku bar ta a rana ko gefen murhu, kada kuma ku kwantar da ita.

Gas ya fi iska nauyi. In ya zuba, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ɗaki ko kwata yana jiran tartsatsi. Ku riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da bakin tukunya; in kun ga kumfa na tashi, akwai yoyo. Kada a ɗora dutse kan ragileta don ta kama, a sayi sabuwa.

Da zarar kun ji wari, ku rufe tukunya, ku buɗe tagogi, kada ku taɓa makunnin lantarki. Ku fita waje ku kira 'yan kwana-kwana a 192. Fashewar gas ta Atomic Junction a Akra, cikin Oktoban 2017, ta ishe mu darasi.